Yatsa na Goma

Labbo mai gyaran agogo, can bakin Tsohuwar Kasuwa,
shi ya sa ni a hanya.
Ya ce, "Barci gari ne, kowa na zuwa,
amma baƙo shi ka shiga, baƙo shi ka hita.
In kana son ka san kana ciki,
ƙirga yatsunka da rana
har hannu shi saba da tambaya."

Na yi dariya.
Ni da injin niƙa na Mabera
ya cinye min manuniya tun ina ɗan sha shida,
lissafina ba ya wuce tara.
Ya ce, "To, kai ka hi kowa sa'a."

Na ƙirga a bayan ɗan kabu-kabu,
na ƙirga kafin alwala,
na ƙirga a Kara, tsakanin buhunan albasa,
idona na hawaye ba don baƙin ciki ba.
Tara. Tara. Kullum tara.
Har Luba ta ajiye ludayi ta ce,
"Wai bashin wa kake bi, da ba ya ƙarewa?"

A bayan littafin bashi na fara rubuta
abin da dare ya bar min kafin asuba:
jaki sanye da tabarau,
malamin lissafi yana sayar da ƙanƙara,
gulbin Rima ya shigo ɗaki, ya yi sallama.
Duk na yarda da su a lokacin,
yadda yaro kan yarda da tatsuniyar kaka.
Kwana arba'in ina shiga garin nan
ban taɓa tambayar sunansa ba.

Sai wani dare na bazara,
an ɗauke wuta, zafi ya kore mu tsakar gida.
Ga ni a kan gadar Kwalkwalawa,
hannu ya ɗaga kansa, ya ƙirga.
Goma.
Ga ta nan, har da farcenta,
da tabon wuƙar da na manta.
Na buɗe baki zan yi ihu,
sai ga sauro, ga tabarma, ga taurari.

Labbo bai ɗaga kai daga agogo ba.
"Hura ce cike da ƙwarya," ya ce,
"mai gudu shi ka zubarwa.
Murza tahin hannu, dubi ƙasa, yi numhwashi."

Na yi shiri. Na ce in ta sake zuwa
zan tashi sama kamar shirwa,
in ga fadama daga bisa har Wamakko,
in sha ruwan da bai taɓa tulu ba.

Ta zo bayan wata guda.
Goma. Na murza tafi. Na dubi ƙasa.
Ƙasar ta tsaya.
Da na ɗaga kai sai ga Arzika,
yayana, wanda ya naɗe min hannu da rigarsa
ya ruga da ni asibiti a kafaɗa,
wanda damina bakwai ke nan
muka kai shi muka dawo da makara.
Yana zaune gindin dogon yaro yana ɗinkin koma.
Bai yi mamaki ba.
Ya ce, "Riƙe min wanga zare."

Na san mafarki ne.
Na san sama tana buɗe, tana jira.
Na sa manuniya na danne zaren,
ya ɗaure, ya ja, ya ciza da haƙori.
Ban gaya masa ba.
Shi ma, in ya sani, bai gaya min ba.
Muka yi ta ɗinki
har ladan ya tsinke zaren daga waje.

Na farka da tara.

Da hantsi Labbo ya ce, "Ka tashi saman?"
Na ce, "A'a. Zare na riƙe."
Ya kara agogo a kunne, ya daɗe yana saurare,
ya ce, "Wagga ta tashi."
Ban san da wa yake ba.